Muhawara: Idan Ma'aunin da Ke Sama Ya Goce, Ta Yaya Ake Ganewa?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana damuna, kuma na ga nan ne wurin da ya dace in sauke ta. Na karanta cewa tun ƙarshen 1978 taurarin ɗan'adam suke auna zafin iskar da ke lulluɓe da duniya, kuma da farko alƙaluman sun nuna cewa iskar ba ta ɗumama, har ma ta ɗan yi sanyi, daga baya aka yi ta yi musu gyara har suka koma suna nuna ɗumama. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na'urar da aka harba sama babu wanda ya sake taɓa ta da hannu, to ta yaya mutumin da ke zaune a ƙasa zai san ta goce, kuma ya san iyakar gocewar? Ba zargin kowa nake yi ba, ina dai so in san inda gyara ya tsaya da inda son zuciya zai iya farawa.

Tsohon Injiniya:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka tana kan hanya, kuma zan fara da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: tauraron ɗan'adam ba ya auna zafi kai tsaye yadda ma'aunin zafin jiki yake yi. Na'urar farko da kake magana a kanta, wadda ake kira MSU, an ɗora ta a kan tauraron TIROS-N a watan Oktoba na 1978, kuma aikinta shi ne sauraron igiyoyin maikurowef da iskar oksijin take fitarwa, waɗanda ƙarfinsu ke ƙaruwa idan iskar ta yi ɗumi. Abin da na'urar ke aikowa ƙasa lambobi ne tsagwaronsu, ba digiri ba. Domin a mayar da lambobin digiri, a kowane juyi na'urar tana duban abubuwa biyu da aka san zafinsu: tana duban sararin samaniya mai nisa, wanda zafinsa digiri 2.7 ne a ma'aunin Kelvin, ma'aunin da ke fara ƙirga daga matuƙar sanyi, sannan tana duban wani baƙin faranti a cikin jikinta wanda aka liƙa masa ma'aunan zafi na ƙarfen filatinam. Sai a ja layi tsakanin waɗannan biyun, a ɗora abin da aka gani daga duniya a kansa.

Wannan tsari ya wadatar ga hasashen yanayin gobe da jibi, kuma domin hakan aka ƙera na'urorin tun asali. Idan ma'auni ya yi kuskuren rabin digiri, mai hasashen ruwan sama ba zai rasa barci ba, domin bambancin zafin yau da na gobe ya ninka haka sau da yawa. Amma mai nazarin sauyin yanayi yana neman canjin da bai wuce kimanin digiri 0.2 a cikin shekara goma ba, wato digiri 0.02 a shekara guda. A nan ne ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su. Sikelin da kullum yake ƙara rabin kilo a kan nauyin gaskiya ba daidai yake ba, amma tunda kuskurensa ba ya canzawa, zai iya nuna maka ko yaro yana girma. Sikelin da yau daidai yake, amma kowace shekara yana ɗan zamewa ba tare da an sani ba, shi ne abin tsoro, domin zai nuna girma ko rama inda babu su. Abin da tarihin yanayi ya fi buƙata shi ne tsayuwar ma'auni a kan hali ɗaya. Shi ya sa masana suka sa sharaɗin cewa zamewar na'ura kada ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na canjin da ake nema, wato kimanin digiri 0.04 a shekara goma ga zafin iska, kuma tsoffin na'urorin ba a ƙera su da wannan sharaɗi a zuciya ba.

Malamar Kimiyya:

Allah ya saka da alheri, Injiniya. Bari in ƙara labarin gyaran da ɗan'uwa ya tambaya a kai, domin an san sunayen waɗanda suka yi shi da dalilansu. A 1990 ne Roy Spencer da John Christy suka wallafa tarihin zafin iska na farko daga na'urorin MSU, aikin da har yau ake ci gaba da shi a Jami'ar Alabama da ke Huntsville. Sun haɗa bayanan taurari da dama a jere, domin kowane tauraro 'yan shekaru yake yi kafin na gaba ya karɓa. Lissafinsu na ƙasan sararin iska daga 1979 zuwa 1995 ya nuna ɗan sanyi na digiri 0.05 a shekara goma, alhali ma'aunan da ke doron ƙasa suna nuna ɗumama.

A 1998 Frank Wentz da Matthias Schabel na kamfanin bincike na RSS a Kalifoniya suka nuna cewa taurarin suna saukowa a hankali, saboda 'yar iskar da ta rage a can sama tana jan su, musamman a shekarun da rana ta fi tashin hankali. Hanyar da aka bi wajen fitar da zafin ƙasan iska ta dogara ne kan bambancin abin da na'ura ta gani idan ta dubi ƙasa tsaye da abin da ta gani idan ta duba a karkace, don haka saukowar tauraro kaɗan tana canza kusurwar dubawa, ta haifar da sanyi na ƙarya. Da suka cire wannan, lissafin ya koma ɗumama ta digiri 0.07 a shekara goma. Ku lura cewa tsayin tauraro abu ne da ake bibiya daban, ba a ƙirƙiro shi domin a sami amsar da ake so ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan wuya. An tsara taurarin su riƙa ratsa kowane wuri a lokaci ɗaya na yini, misali kusan ƙarfe biyu na rana, amma tsoffin taurarin NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ba su da injin da zai riƙe su a wannan lokaci, sai suka riƙa zamewa zuwa la'asar a cikin 'yan shekaru. Wanda ya auna zafi da azahar a bana, ya auna da la'asar sakaliya bayan shekara biyar, zai ce duniya ta yi sanyi, alhali agogonsa ne ya motsa. A 2005 Carl Mears da Wentz suka gano cewa gyaran da aka yi wa wannan zamewa a lissafin Alabama an yi shi ne ta fuskar da ba daidai ba, kuma masu lissafin suka amince suka gyara. A wurina wannan amincewa abin girmamawa ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mai Tantama:

Malama, na ji bayaninki kuma ban ƙaryata ko ɗaya daga cikinsa ba, amma akwai abin da har yanzu bai kwanta mini ba. Misalai biyun da kika kawo duka sun tura lissafin ne zuwa ɗumama. Idan kuskure na gaskiya ne da ke faɗowa ba da niyya ba, ai ya kamata wani lokaci ya faɗa dama, wani lokaci hagu. Sannan a yau ma, bayan duk waɗannan gyare-gyare, ƙungiyar Alabama tana ba da kimanin digiri 0.15 a shekara goma, RSS kuma tana ba da kimanin 0.2, alhali lambobin asali iri ɗaya ne suke fitowa daga taurari iri ɗaya. Idan masana biyu suka ɗauki abu guda suka fito da amsa biyu, to akwai zaɓin ɗan'adam a tsakiya, kuma ina ganin bai kamata a ɓoye wa jama'a hakan ba.

Malamar Kimiyya:

Ɗan'uwa, maganarka ta biyu gaskiya ce, ta farko kuma tana buƙatar ƙarin bayani. Ba duka gyare-gyaren ne suka tafi gefe ɗaya ba. Bayan gyaran 1998, ƙungiyar Alabama ta gano cewa zafin jikin na'urar kanta yana shiga cikin awon, kuma gyaran da ta yi wa hakan ya rage wani ɓangare na ɗumamar da aka ƙara. Sabon lissafinsu na shida da suka fitar a 2015 ya rage yawan ɗumamar, yayin da na RSS na huɗu da ya biyo baya ya ƙara ta. Idan ka fita daga batun zafin iska ma haka abin yake, kuma ina fata Injiniya zai kawo misalin hasken rana da na tsayin teku, inda gyara ya rage lambobi.

Amma batun zaɓin ɗan'adam, babu mai musunsa. Akwai shekarun da tauraron NOAA-14 mai ɗauke da tsohuwar na'ura da NOAA-15 da aka harba a 1998 da sabuwar na'urar AMSU suka yi aiki tare, kuma ba su yarda da juna ba: ɗaya yana nuna ɗumama fiye da ɗayan. Dole mai lissafi ya yanke hukuncin wanda zai gaskata, ko ya raba tsakani, kuma ƙungiyoyin biyu sun yanke hukunci daban. Haka kuma sun bambanta kan yadda za a cire tasirin zamewar lokaci. Ni ina ganin wannan saɓani alheri ne, domin tazarar da ke tsakanin amsoshinsu ita ce ke nuna mana iyakar saninmu. Da ƙungiya ɗaya ce kawai take yin aikin, da mun sami lamba guda mai kyan gani, kuma da kuskuren 1998 da na 2005 suna nan kwance har yau ba wanda ya taɓa su.

Tsohon Injiniya:

Tunda Malama ta miƙo mini, bari in ɗauki hasken rana, domin shi ne darasin da ya fi zauna mini a rai. Tun 1978 ake auna ƙarfin hasken da ke isowa saman sararin duniya daga rana. Shekaru da yawa adadin da kowa ya sani shi ne wat 1365 zuwa 1366 a kan kowace murabba'in mita. A 2003 aka harba tauraron SORCE da sabuwar na'ura mai suna TIM, sai ta ce kusan 1361 ne. Mutane da yawa sun ɗauka sabuwar ce ta yi kuskure, tunda ita kaɗai ce a gefe guda. Sai da aka gina wurin gwaji na musamman a Jami'ar Colorado, aka kawo tagwayen tsoffin na'urorin da suka rage a ƙasa aka gwada su da haske da aka san ƙarfinsa, sannan aka gane cewa tsarin ƙofofin tsoffin na'urorin yana barin haske ya warwatsu ya shiga ciki fiye da kima. Sabuwar ce ke da gaskiya, kuma a 2011 Greg Kopp da Judith Lean suka wallafa adadin 1360.8. Yawan masu faɗin magana ɗaya ba hujja ba ne idan duk daga ƙira ɗaya suka fito.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne giɓi. Canjin hasken rana a zagayenta na shekara 11 kusan kashi 0.1 ne cikin 100, wato bai kai bambancin da ke tsakanin na'urorin kansu ba. Saboda haka hanya ɗaya ta haɗa tarihin ita ce sabuwar na'ura ta riski tsohuwa tana aiki, a gwada su a kan rana ɗaya, a san tazarar da ke tsakaninsu. Na'urar ACRIM ta farko, mai auna hasken rana, ta daina aiki a 1989, ta biyu kuma ba ta tashi ba sai 1991, saboda hatsarin kumbon Challenger na 1986 ya jinkirta harbe-harbe. Shekara biyun nan sai aka cike su da wasu na'urori biyu da ingancinsu bai kai nata ba, waɗanda su ma ba su yarda da juna ba. Daga nan aka sami tarihi biyu: na ƙungiyar ACRIM yana nuna cewa hasken rana ya ɗan ƙaru tsakanin ƙarancinsa na 1986 da na 1996, na cibiyar PMOD da ke Dabos a ƙasar Suwizalan kuma yana nuna bai ƙaru ba. An shafe shekaru ana jayayya a kan wannan, kuma babu mai iya komawa 1990 ya sake awon. Duk lokacin da na ji an jinkirta harba wani tauraro na awon yanayi, wannan giɓin nake tunawa, kuma hankalina yana tashi da gaske.

Ɗalibin Taswira:

Malamai, ina neman izini in faɗi abin da ya same ni, domin ya shafi wannan magana kai tsaye. Lokacin da nake aikin bincikena na digiri na biyu, na sauke bayanan korewar tsirrai na na'urar MODIS da ke kan tauraron Terra, wanda aka harba a Disamba na 1999. Na yi lissafin shekaru fiye da goma, na ga koren yankin da nake nazari yana raguwa a hankali, na rubuta babi guda a kan dalilan hakan. Malamin da ke duba aikina ya ce in maimaita lissafin da tagwayen na'urar da ke kan tauraron Aqua, wanda aka harba a Mayu na 2002. Da na yi, raguwar ta kusa ɓacewa. Na yi makonni ina neman kuskure a lissafina, kafin na gano cewa bayanan Terra da na sauke na tsohon zubi ne, wato fitowa ta biyar ta bayanan, wanda ba a gama cire masa tasirin dusashewar madubin na'urar ba, musamman a ɓangaren shuɗin haske. Da na ɗauki zubi na shida, wanda aka sake daidaita shi, taurarin biyu suka kusanci juna, babina kuma ya rushe. Na yi baƙin ciki sosai a lokacin, domin wata uku na aiki ne suka tafi, amma da an bar ni na wallafa, da na ɗora wa ƙasa laifin da na madubi ne.

Abin da har yanzu nake son ƙarin haske a kai shi ne, MODIS tana da farin faranti a cikinta da take duban hasken rana a kansa domin daidaita kanta. To me ya sa hakan bai isa ba?

Tsohon Injiniya:

Ɗana, ka yi sa'ar malami. Amsar tambayarka ita ce farantin ma yana tsufa. Hasken rana mai ƙuna da ke can sama yana sa shi ya yi duhu a hankali, kuma a kan Terra abin ya ƙaru bayan 2003, lokacin da ƙofar da ke rufe farantin ta sami matsala aka bar ta a buɗe. Akwai wata ƙaramar na'ura da aka sa ta riƙa lura da farantin, amma akwai wata matsalar kuma: madubin da ke juyawa yana duban farantin ta kusurwa ɗaya ce, yana duban duniya ta kusurwoyi da yawa, kuma dusashewarsa ba iri ɗaya ba ce a kowace kusurwa. An ƙera na'urar ne domin aikin shekara shida, ga shi ta haura ashirin.

Shi ya sa ake neman shaidu daga waje. Na farko shi ne wata. Fuskar wata ba ta da iska, ba ta da ruwa, ba ta da tsiro, kuma yadda take mayar da haske bai canza ba a tsawon da ya wuce duk tarihin ɗan'adam. Abin da ke canzawa shi ne cikarsa da nisansa da kusurwar da ake ganinsa, waɗannan kuma ana iya lissafa su, kamar yadda hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta yi a Flagstaff bayan shekaru tana auna wata daga ƙasa. Na'urar SeaWiFS mai duban launin teku, wadda ta yi aiki daga 1997 zuwa 2010, kusan kowane wata ana juya tauraronta ya dubi wata, kuma da haka aka bi dusashewarta daki-daki. Abin yana da muhimmanci a wurinta fiye da kowa, domin kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da take gani daga iska yake fitowa, ba daga ruwa ba, don haka kuskuren kashi 1 a na'ura yana zama kusan kashi 10 a abin da ake nema.

Shaida ta biyu ita ce wuraren da ba sa canzawa a doron ƙasa, irin rairayin hamadar Libiya da Aljeriya da Muritaniya, da tudun ƙanƙara na tsakiyar Antatika, da kuma ƙololuwar manyan gizagizan hadari waɗanda farinsu kusan ɗaya ne a ko'ina. Tsoffin na'urorin AVHRR, masu ɗaukar hoton duniya daga sama, ba su da abin daidaita hasken gani a cikinsu ko kaɗan, don haka duk tarihin tsirrai da aka gina a kansu tun farkon shekarun 1980 a kan irin waɗannan wurare ya jingina. Shaida ta uku ita ce tauraro ɗan'uwansa. Taurari biyu masu zagaye ta ƙuryoyin duniya suna haɗuwa lokaci zuwa lokaci a kan wuri ɗaya cikin 'yan daƙiƙu, galibi kusa da ƙuryar arewa ko ta kudu, sai a gwada abin da kowanne ya gani. Rauninta shi ne wuraren haɗuwar masu sanyi ne, don haka ba ta gaya maka komai kai tsaye game da yadda na'urar ke yi a kan wuri mai zafi. A 2005 hukumar yanayi ta duniya da ƙungiyar masu taurarin yanayi suka kafa tsarin GSICS domin ƙasashe su riƙa yin wannan gwaji da hanya ɗaya, kuma ta nan ne aka ga yadda ƙanƙara ke taruwa a kan sassa masu sanyi na na'urar Meteosat, tauraron yanayi na Turai, tana karkatar da awon wata tasha, wato ɗaya daga cikin zangunan hasken da na'urar ke aunawa, har sai an ɗumama na'urar ƙanƙarar ta narke.

Mai Tantama:

Ranka ya daɗe, wannan bayani ya rage mini tantama, musamman batun wata da batun hasken rana, domin a nan na ga shaidar da ba ta dogara da ra'ayin mai lissafi ba. Amma ina da sauran magana a kan zafin iska. Na san ana gwada taurari da balan-balan ɗin awon yanayi, su kuma balan-balan an sha canza musu na'urori, kuma rana tana ɗumama ma'auninsu da yini, har su ma sai an yi musu gyara. Idan aka gyara balan-balan da taimakon tauraro, aka dawo aka tabbatar da tauraro da balan-balan, ai an zagaya ne an dawo wuri ɗaya. Ina shaidar da ta tsaya da ƙafarta?

Malamar Kimiyya:

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi da aka yi a zauren nan, kuma haɗarin da ka ambata na gaske ne. Akwai hanya ɗaya da na fi natsuwa da ita. Idan siginar tauraron GPS ta ratsa iskar duniya a karkace kafin ta isa wani tauraro da ke ƙasa-ƙasa, iskar tana lanƙwasa ta tana jinkirta ta, kuma daga wannan jinkiri ana fitar da kaurin iska da zafinta. Abin da ake aunawa a nan lokaci ne, da agogon atam, ba haske a kan madubi mai dusashewa ba, don haka awon tauraro ɗaya yana dacewa da na wani ba tare da an jingina su da juna ba. An gwada hanyar a 1995, tauraron CHAMP na Jamus ya ci gaba da ita bayan 2000, sannan rukunin COSMIC na taurari shida ya zo a 2006. Iyakarta biyu ce: ta fi ƙarfi a saman iska inda babu tururi da yawa, kuma ba ta koma baya zuwa 1979 ba. Saboda haka shekaru ashirin na farko za su ci gaba da ɗaukar rashin tabbas fiye da na baya-bayan nan, kuma duk wanda ya zana layi ɗaya siriri daga 1979 zuwa yau ba tare da nuna hakan ba, bai yi wa mai karatu adalci ba.

Tsayin teku ya ba da misali mai kyau na shaida mai zaman kanta. Taurarin da ke auna shi, tun TOPEX/Poseidon na 1992, sai Jason na 1 da na 2 da na 3, sai Sentinel-6 na 2020, duk a hanya ɗaya suke bi a tsayin kilomita 1336, kuma kowane sabo yana bin bayan tsoho da tazarar kusan minti guda ko ƙasa da haka na tsawon watanni kafin a sallami tsohon. Daga wannan tsayi ake neman canjin milimita 3 da 'yan kai a shekara. Duk da wannan kulawa, ma'aunan tudun ruwa na bakin teku, waɗanda ba ruwansu da tauraro, su ne suka taimaka aka tabbatar cewa awon TOPEX na shekarun 1993 zuwa 1998 ya yi yawa. Gyaran ya rage saurin hawan teku na waɗancan shekaru, kuma da aka rage shi sai ya bayyana cewa hawan yana ƙara sauri daga baya. Su ma ma'aunan bakin tekun ana sa musu GPS, domin ƙasar da suke kai tana iya nutsewa ko tasowa.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, malamai. Abin da na ɗauka shi ne tambayata ta farko ta rasa wani abu, domin na ɗauka akwai lambobin asali masu tsarki da aka zo aka taɓa, ashe lambobin asalin ma ba digiri ba ne sai an fassara su. Tambaya ɗaya ta rage mini: me ya hana a ƙera na'ura guda mai cikakken inganci, a harba ta ta zama ma'aunin sauran?

Tsohon Injiniya:

Wannan tunanin ne ya haifar da shirin CLARREO a Amurka da shirin TRUTHS a Turai, wato a ɗauki irin ma'aunin da ke ɗakunan gwaji na ƙasa a kai shi sama, yadda awonsa zai koma kai tsaye ga ma'aunan duniya da aka amince da su. Amfaninsa babba shi ne giɓi zai daina zama bala'i, domin idan kowace na'ura ta san ainihin adadin, ba dole ne ta riski ta gabanta ba. Wuyarsa ita ce girgizar harbawa da yanayin sama suna canza na'ura daga yadda aka auna ta a ƙasa, don haka dole ta iya sake tabbatar da kanta a can, kuma irin wannan aiki ba ya ba da hoto mai ɗaukar ido da zai sa a gaggauta amincewa da shi. Kafin a kai ga haka, abin da ke hannunmu shi ne riskar juna, kuma ba kullum ake samunta ba: taurarin GRACE masu auna nauyin ƙanƙara da ruwa sun tsaya a 2017, magadansu ba su tashi ba sai 2018.

Ɗalibin Taswira:

Baba Injiniya, wannan ya kawo ni ga matsalar da ke gabana yanzu. An daina riƙe Terra a lokacinta na ƙarfe 10:30 na safe, tana zamewa zuwa sassafe, Aqua kuma tana zamewa daga 1:30 na rana zuwa yamma. Ina so in tsawaita lissafina da na'urar VIIRS. Shin in haɗa su kai tsaye, tunda an ce ita ce magajiyar MODIS?

Tsohon Injiniya:

Kada ka haɗa su kai tsaye, ɗana. Tashoshin hasken VIIRS ba su faɗi daidai inda na MODIS suka faɗi ba, girman ɗigon hotonsu ma ya bambanta, kuma VIIRS ta farko da aka harba a 2011 a kan Suomi NPP ta sami dusashewar madubi da wuri saboda gurɓatar sinadarin tangistan, wadda aka bi da farantin rana da wata aka gyara. Ka yi amfani da Aqua, ba Terra ba, domin VIIRS ma da rana take ratsawa, kusan 1:30. Ka ɗauki shekarun da suka yi aiki tare daga 2012 zuwa 2021, kafin Aqua ta fara zamewa sosai, ka fitar da dangantakar da ke tsakaninsu a kan yankinka, kowane irin murfin ƙasa, kamar daji ko gona, daban, kowane lokaci na shekara daban. Shekarun ƙarshe na Terra da Aqua kuma ka riƙe su da hattara, domin inuwar tsirrai tana tsawo idan rana ta karkata, kuma hakan kaɗai yana canza adadin kore. Ka rubuta lambar zubin bayanan da ka yi amfani da shi da ranar da ka sauke su a cikin aikinka, sannan idan ka gama ka kawo mana zanen shekarun haɗuwar nan mu duba tare.